Wa Ke Kallon Ɗan Makaranta Idan Dare Ya Raba?

Wannan sharhi ya nufi arewacin jihar Yobe, garuruwan Nguru da Gashuwa, kuma zai yi magana ne a kan kyamarorin tsaro da ke shiga makarantun kwana na addini, da nauyin da ake neman ɗora musu na gyaran halin yara.

Idan Bakano ko Bakatsine ya ce ɗansa ya tafi gabas, ba sai ya ƙara bayani ba, kowa ya san karatun Alƙur'ani ya tafi nema. Nguru da Gashuwa suna kan wannan hanya tun tuni, su da Gaidam da ƙauyukan da ke bakin kogin Yobe har a dangana da Maiduguri. Da titin jirgin ƙasa daga Kano ya iso Nguru a 1930, jirgin da ke kwasar gyaɗa da ƙaro da fatu shi ne kuma ke sauke gardawa da allunansu a rataye. Garin ya zama matattarar alarammomi da shehunnai, kuma har yau uba yakan ɗauko yaro daga nesa ya danƙa wa malami a nan, ya yi addu'a, ya juya gida.

Tsangayar da aka gada ba ta da katanga. Bukkoki ne na kara da fili a tsakiya, inda ake hura wuta da asuba da bayan isha'i, yara su kewaye ta suna ɗaga murya. Amma duk da rashin katangar, yaro ba ya ɓacewa daga ido. Kolo yana hannun titibiri, titibiri yana hannun gardi, gardi yana amsa wa alaramma. Idan yaron ya shiga gari yana da gidan da ya saba, da uwar ɗakin da za ta lura ranar da bai zo karɓar tuwo ba, ta aika a tambayo ko lafiya. Mai shayin bakin titi ya san shi, ladan ya san shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan idanu yana tare da baki mai tsawatarwa da hannu mai miƙa abinci.

A shekarun nan wata irin makaranta ta bazu, daga Kano da Kaduna da Abuja har zuwa manyan garuruwan Yobe: makarantar kwana ta hadda, mai katanga da get da inifom da kuɗin zango, wadda ke haɗa Alƙur'ani da boko. A takardun tallan irin waɗannan makarantu, bayan an lissafa rijiyar burtsatse da sola da abinci sau uku, akan ƙara da cewa akwai kyamarori masu aiki dare da rana. Na'urorin Hikvision da Dahua sun cika kasuwa, kuma mai makaranta zai iya zama a ɗakinsa, ko ma a wani gari, yana kallon harabar ta wayarsa. Uban da ya ji haka sai hankalinsa ya kwanta. To amma da za a zaunar da shi a tambaye shi me yake fatan kyamarar ta yi masa, za a tarar buƙatu uku ya cusa a buhu ɗaya: kada ɗan bindiga ya shigo, kada wani a ciki ya cuci ɗansa, kuma ɗan ya dawo gida mutumin kirki. Kyamara ba ta da ƙarfi iri ɗaya a kan ukun.

Tsoron na waje ba ya buƙatar hujja a Yobe. A ranar 6 ga Yuli 2013 an kai hari makarantar sakandare ta Mamudo kusa da Potiskum, aka kashe mutum 42, akasarinsu ɗalibai. A ranar 25 ga Fabrairu 2014 aka afka wa kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi da dare, inda adadin da aka fi ambata shi ne ɗalibai maza 59. A ranar 10 ga Nuwamba na wannan shekara wani ya shiga taron safe na makarantar kimiyya da fasaha ta Potiskum sanye da kayan makaranta, ya tashi bam, sama da ɗalibai 40 suka rasu. Sai kuma Dapchi, wadda mutumin Gashuwa ke ratsawa idan zai je Damaturu: ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka kwashe 'yan mata 110, aka dawo da mafi yawansu ranar 21 ga Maris, biyar sun rasu a hannun maharan, aka riƙe ɗaya daga cikinsu, Leah Sharibu. Iyayen da suka rayu cikin waɗannan shekaru, babu mai ikon ce musu sun cika tsoro.

Sai dai a duba abin da ya rasa a waɗannan wurare. Lokacin harin Mamudo layukan waya a rufe suke a jihar saboda dokar ta-ɓaci da aka kafa a watan Mayun 2013, kuma jama'a sun koka cewa ko wanda ya ga baƙin fuskoki ba shi da hanyar sanar da hukuma. A Dapchi kuwa waya tana aiki. Ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a watan Maris 2018 cewa an kira jami'an tsaro aƙalla sau biyar a ranar, tun daga misalin ƙarfe biyu na rana, ana shaida musu cewa ayarin 'yan bindiga ya nufo garin. Rundunar soja ta musanta. Ko ma dai yaya ne, mutanen ƙauyukan hanya sun ga motocin da idonsu da sauran rana a sama. Labari ya samu, mai kawo ɗauki ne bai zo ba. Da akwai kyamara a get ɗin makarantar, abin da za ta ƙara shi ne hoton motocin, wanda za a kalla washegari, ihu bayan hari.

Wannan ba ya nufin a raina kyamarar bakin ƙofa. Tana da amfani na gaske idan akwai mutum a farke yana kallonta, da waya mai caji a hannunsa, da lambar wanda zai ɗauka ya taso. Masu bincike huɗu, cikinsu har da Eric Piza da David Farrington, sun tattara nazarce-nazarcen shekara 40 a kan kyamarorin tsaro suka wallafa a 2019. Sun samu cewa laifuka sun ragu da kimanin kashi 13 cikin ɗari a wuraren da aka sa su, raguwar ta fi yawa a wuraren ajiye motoci, ta kuma fi ƙarfi inda ake da masu kallo a zaune. A kan laifukan duka da zubar da jini kuwa ba su ga wani tasiri na a zo a gani ba. Wato na'urar ta fi iya hana ɓarawon batirin sola da ɓarawon babur, kuma wannan ma riba ce ga makarantar da ke tattalin kuɗinta.

Akwai kuma yanayin ƙasar. A watan Afrilu da Mayu zafin Nguru yakan haura digiri 40, batura su kumbura. Hunturu ya zo da ƙura ta rufe idon kyamarar, sai an samu mai hawa tsani yana gogewa. Wutar lantarki ba ta da tabbas. Akwatin naɗiyar da kansa yana share tsohon hoto bayan 'yan kwanaki ko makonni don ya samu wurin sabo, ta yadda uwar da ta ji ƙorafi a hutun ƙarshen zango ba za ta tarar da komai ba. Gwamnatin tarayya ma, da duk ƙarfinta, ta ba kamfanin ZTE kwangilar dala miliyan 470 a 2010 don kafa kyamarori a Abuja da Legas da sauran kayan sadarwar tsaro, bayan 'yan shekaru Majalisar Wakilai tana binciken dalilin da ya sa ba sa aiki.

Haɗarin da ke cikin gida shi ya fi kashe almajiri a shiru. A farkon Fabrairu 2025 gobara ta tashi da dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda ta jihar Zamfara, yara 17 suka ƙone, kuma rahotanni sun danganta ƙarfin wutar da karan da aka tara a wurin. A Kuala Lumpur ta Malesiya, ranar 14 ga Satumba 2017, wuta ta cinye ɗakin kwanan makarantar hadda ta Darul Quran Ittifaqiyah, mutum 23 suka rasu, 21 ɗalibai ne. Kyamarar wani gini na maƙwabta ta taimaka wa 'yan sanda suka kama samarin da ake zargi da cinna wutar. Yaran kuwa sun mutu ne saboda tagogin an yi musu ƙarafa, ƙofar fita ɗaya ce tak, kuma wutar a bakinta take. Duk mai makarantar da ke da kuɗin sayen kyamara takwas, ya fara fasa bango ya yi ƙofa ta biyu.

Sai batun da ake jin nauyin faɗa, amma dole a faɗe shi, domin shi ne hujja mafi ƙarfi a hannun masu son a kai kyamara har makwancin yara. Akwai cin zalin manya a kan ƙanana. Akwai duka da ya wuce ladabtarwa. Akwai lalata da yara. Ranar 26 ga Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna da ake kira makaranta, suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon bulala a gadon baya. Cikin watan Oktoba aka fito da wasu 67 a Daura, sai Katsina, sai Zariya. Akasarin malaman tsangaya sun yi tir da waɗannan gidajen mari, kuma gaskiya ne ba su wakiltar karatun allo. Amma iyaye ne suka kai 'ya'yansu can da hannunsu, suka biya kuɗi, da sunan gyaran tarbiyya.

A nan ne ya kamata a yi tambayar da takardar talla ba ta amsawa: a hannun wa hoton yake? A kusan kowace makaranta akwatin naɗiya yana ofishin mai makarantar, lambar sirrin tana kansa. Idan siniya ne ya mari ƙaramin yaro, kyamara za ta yi shaida. Idan kuwa mai laifin shi ne mai riƙe da makullin, ko ɗansa, ko malamin da makarantar ke taƙama da shi, to ranar ce za a ce batir ya mutu. A birnin Bandung na Indonesiya an kama Herry Wirawan a 2021, shugaban wata makarantar kwana ta 'yan mata, bisa yi wa ɗalibai 13 fyaɗe, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. Shekaru ya yi yana wannan ta'asa. Asirinsa ya tonu ne da wata yarinya ta je gida hutu, iyayenta suka lura da halin da take ciki. A Ganmo ta jihar Kwara ma, bulalar da aka yi wa ɗaliban wata makarantar Arabiyya a Oktoban 2021 ta kai ga gwamnati ne saboda bidiyon waya ya fita daga hannun makarantar ya shiga duniya. Saboda haka idan har za a kafa kyamara don kare yaro, inda ya fi cancanta ta kalla shi ne inda babba ke da iko a kan ƙarami: ƙofar ofishin malam, wurin da ake horo, barandar da ke kaiwa ɗakin kwana, inda za a ga wa ya shiga da ƙarfe biyun dare. Kuma dole wani na waje ya kasance yana da ikon buɗe akwatin.

Buƙata ta uku, wato ɗa ya dawo gida mutumin kirki, ita ce ta fi damun mai wannan sharhi, domin a kanta ne ake son sayar wa iyaye abin da babu shi. Ana cewa idan yaro ya san ana kallonsa zai tashi sallar asuba ba tare da bulala ba, zai daina satar sabulun ɗan'uwansa, zai zauna a kan allonsa. Zai yi kuwa. Yaro ba wawa ba ne. Cikin mako guda ya gane inda kyamara ke gani da inda ba ta gani, ya san bayan tankin ruwa, ya san lungun kicin, ya san sautin da inbata ke yi idan wuta ta ɗauke. Abin da ya koya shi ne ya raba duniyarsa biyu, wurin da ake zama nagari da wurin da ake hutawa daga nagarta. Wannan shi ne aikin ganin ido. Kuma littafin farko da ake buɗe wa ɗalibi a zauren ilimi bayan Ƙawa'idi, wato Ahalari, kafin ya shiga tsarki da alwala sai da ya jera abubuwan da suka haramta ga baligi, ya sa riya da son a ji a cikinsu, tare da ƙarya da giba da hassada. Makarantar da ke karantar da wannan shafi da safe, sannan ta shirya rayuwar yaro gaba ɗaya a kan tsoron ido na ƙarfe, tana rusa darasinta da hannunta.

Mutanen Nguru sun fi kowa sanin wannan magana. Garin Shehu Muhammadu Gibrima ne, wanda ya rasu a 1975, ɗaya daga manyan almajiran Shehu Ibrahim Inyass a Nijeriya, mai tarin littattafan salati ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A zawiyoyi irin tasa, tarbiyya tana nufin a zauna da mutum, a san cutar zuciyarsa, a bi shi a hankali har ya kai matsayin da zai ji Allah na tare da shi ko yana cikin ɗaki shi kaɗai. Kuma wannan ba kayan 'yan ɗariƙa kaɗai ba ne. Malamin Izala a Gashuwa da ke karantar da Arba'una Hadisi yana isa ga wannan wuri tun a hadisi na biyu, hadisin Mala'ika Jibrilu, inda aka bayyana ihsani da cewa bawa ya yi ibada yana sane cewa Ubangijinsa na ganinsa. A kan wannan gaɓa ɓangarorin biyu ba su da saɓani.

Imam Gazali ya kawo wani labari a cikin Ihya'u, a babin da ya yi wa kula da zuciya da yi wa kai hisabi. Wani shehi yana fifita wani matashi a kan dattawan almajiransa, abin ya dame su. Sai ya ba kowannensu tsuntsu da wuƙa, ya ce ya je ya yanka a inda babu mai ganinsa. Kowa ya nemi lungunsa ya yanka ya dawo. Matashin ya dawo da nasa da rai, domin ya rasa wurin da Allah ba ya gani. Abin lura a labarin shi ne shehin bai bi su a baya ba, bai tura ɗan leƙen asiri ba. Ya sake su ne, kuma sakin shi ya nuna wanda tarbiyya ta kama. Yaron da ba a taɓa bari shi kaɗai da amana ba, babu yadda malaminsa zai san ko yana da ita, shi kansa ma ba zai sani ba. Tsangaya tana da nata hanyoyin na wannan gwaji: a aiki titibiri kasuwa da kuɗin malam, a bar gardi da ƙananan yara idan alaramma ya yi tafiya, a tura mai hadda kiskadi ya zauna a bayan gari da tilawarsa, babu mai ƙirga masa izu sai shi da Ubangijinsa. Da wannan sakin linzami a hankali ake yin gwani.

Wanda ke son ganin ƙarshen ɗaya hanyar ya dubi birnin Hangzhou na ƙasar Sin. A 2018 wata makarantar sakandare a can ta kafa kyamarori masu karanta fuska, suna duba ɗalibai kowane daƙiƙa 30, suna rubuta wa ke murna, wa ke fushi, wa ya kifa kai a tebur. Jama'ar ƙasar da kansu sun yi ta suka a intanet. Irin wannan na'ura kullum araha take ƙara yi, kuma ba wuya wata rana ɗan kasuwa ya shigo da ita Kano ya ce tana gane mai gyangyaɗi a wurin tilawa.

Ɗakin kwana yana da nasa hukuncin daban. Alƙur'anin da yaran ke haddacewa ya hana bin diddigin asirin mutane a aya ta 12 ta Suratul Hujurati. A aya ta 58 ta Suratun Nur kuma an umarci har yaran gida su nemi izini kafin su shiga wa manya a lokuta uku, kafin asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufa, da bayan isha'i. Addinin da ya tsare al'aurar mutum daga ɗan cikinsa, da wace hujja za a rataya ido a saman gadon 'yar shekara goma sha uku, inda take canza kaya, a kai hoton wayar wani namiji? Ko da mai makarantar waliyyi ne, ba shi kaɗai ke taɓa na'urar ba. Akwai yaron da ya haɗa ta, wanda galibi ya san lambar sirrin. Akwai mai gyaran waya a kasuwa. Akwai kuma ɓarayin intanet: a watan Maris 2021 wasu suka kutsa cikin kamfanin Verkada na Amurka, suka samu damar kallon kyamarori kusan 150,000, na asibitoci da gidajen yari da makarantu. A garin da kowa ya san gidan kowa, kamar Nguru ko Gashuwa, hoto guda da ya faɗa WhatsApp ya isa ya bi yarinya har ɗakin aurenta.

Maganin da shari'a ta bayar ga haɗarin makwanci ya girmi kyamara, kuma ya fi ta arha. Hadisi ya yi umarni a raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara goma. A raba ɗan shekara takwas da ɗan sha shida, kada su kwana ɗaki ɗaya. A sa babba amintacce ya kwana a bakin ƙofa, mace ga mata, namiji ga maza, a biya shi albashin da zai riƙe shi, a riƙa sauya shi. A bar fitila a hanyar banɗaki. Abin baƙin ciki shi ne wata makarantar tana sayen kyamara ne daidai don ta kauce wa wannan albashi, malami ɗaya ya kula da yara ɗari ta fuskar talabijin.

Dokar ƙasa ma ta shigo maganar. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗauki hoton da ake gane mutum da shi a matsayin bayanin da ke da kariya, ta ɗora wa mai tattara shi nauyin tsare shi, ta kuma yi tanadi na musamman a kan yara da amincewar iyayensu. Sa hannun uba a fom ɗin shiga makaranta ba lallai ya wanke komai ba. A Suwidin a 2019 hukuma ta ci tarar kurona 200,000 saboda wata sakandare ta gwada kiran suna da na'urar gane fuska a kan ɗalibai 22, duk da an nemi amincewa, bisa dalilin cewa wanda ke ƙarƙashin makaranta ba ya iya cewa a'a da sakin rai. Uban da ya sha wahala kafin ya samar wa ɗansa gurbi ya san wannan hali sarai.

Kada kuma zancen kyamara ya mantar da jama'a cewa mafi yawan yaran da ke karatun Alƙur'ani a Nguru da Gashuwa ba su cikin makarantu masu get. Suna zaure, suna rumfa, suna kwana a tabarma cikin sanyin da ke tasowa daga fadama. Tsohon tsarin sa idon da aka bayyana ɗazu ya yi rauni: yara sun yi wa malam yawa, gari ya faɗaɗa, uwar ɗaki ita ma tana fama da nata, gardin da aka ba amana wani lokacin shi ne macucin. Makarantun almajirai 157 da gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina, waɗanda aka fara buɗewa da ta Gagi a Sakkwato a 2012, da yawansu sun lalace don ba a yi tanadin masu kula da su ba. Hukumar almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta, wadda aka kafa da doka a 2023, idan tana neman fasahar da za ta amfani waɗannan yara, ta fara da rajista: sunan kowane yaro, garinsu, lambar wayar ubansa, da malamin da ke riƙe da shi, domin ranar da ya ɓata ko ya kwanta ciwo a san wa za a kira.

Ga makarantu masu get kuwa, aikin yana wuyan hukumar ilimin Larabci da addinin Musulunci ta jihar Yobe da ma'aikatar ilimi, tare da masarautun Nguru da Bade, waɗanda maganarsu ke shiga inda takardar gwamnati ba ta shiga. Ƙa'idar ba ta buƙatar shafuka da yawa. A halatta kyamara a get da katanga da baranda da ofis, a haramta ta a ɗakin kwana da banɗaki da wurin wanka, a rubuta kwana nawa ake ajiye hoto, a ba wakilin iyaye da jami'in hukuma ikon dubawa idan an kawo ƙorafi, ba sai da yardar mai makaranta ba. Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da Jami'ar Tarayya da ke Gashuwa, da kwalejin shari'a da ilimi ta Nguru, suna iya shirya gajeren horo ga masu kwana da yara, su koyi alamomin yaron da ake cuta: wanda ya daina cin abinci, wanda ya koma fitsarin kwance, wanda ke rawar jiki idan an ambaci wani suna.

Sai abu guda da iyaye za su iya nema tun gobe ba tare da jiran kowa ba. Yawancin makarantun kwana sun hana ɗalibai riƙe waya, kuma suna da dalilinsu. Amma idan ranar kiran gida ta zo, yaro yakan yi magana ne da wayar malam, malam yana tsaye a kansa, layi na jira a baya. A haka babu abin da zai ce sai lafiya lau. Uba ya sa sharaɗi tun ranar biyan kuɗi cewa ɗansa zai riƙa magana da mahaifiyarsa sau ɗaya a mako a wurin da babu mai saurare, kuma ranar ziyara za a bar su su keɓe, ta duba bayansa da ƙafafunsa, ta tambaye shi wa yake kwana kusa da shi. Makarantar da ta ƙi amincewa da wannan sharaɗi, uban ya ɗauki ɗansa ya nemi wata.